Idan Kifi Ya Taso Saman Ruwa Yana Haki

Wani bawan Allah daga unguwar Mayo Gwoi a nan Jalingo ya aiko mini da tambaya. Ya ce ya sayi akwatin gilashi na kifin ado ya ajiye a falo saboda yaransa, da kifi takwas a ciki. Sati biyu lafiya lau. Ran nan ya fito sallar asuba sai ya tarar duk sun taru a saman ruwa, baki na buɗewa yana rufewa, kamar masu roƙon wani abu. Ya ɗauka yunwa ce, ya barbaɗa musu abinci. Kafin azahar uku sun mutu. Yana tambaya ina ya kuskure, kuma ta yaya zai ceci sauran.

Malam, Allah ya mayar maka da alheri. Ba kai kaɗai ba ne. Duk shekara da zarar bazara ta kama, wannan kuka ake ji daga masu kifin ado har zuwa masu kiwon tarwada a tamfol a bayan gida.

Da farko ka cire yunwa daga lissafi. Kifi mai jin yunwa da kuzari yake tasowa idan ya ga inuwar mutum, ya cafke abinci ya nutse. Wanda ya maƙale a sama, jiki ba ƙarfi, kunnuwansa na bugawa da sauri, numfashi ne ya gagare shi. Idan ka taɓa gyaran ɗanyen kifi ka ga jan naman nan mai kama da haƙoran mataji da ke ƙarƙashin kunnensa. Da shi yake tace iskar oksijin da ta narke a cikin ruwa. Ita kuwa wannan iska ba ta da yawa ko a ruwa mai kyau. Lita guda ta iskar da muke shaƙa ta ninka lita guda ta ruwa yawan oksijin fiye da sau talatin. Wurin da ya fi ko'ina samunta a akwati shi ne fatar saman ruwa, inda ruwa ke haɗuwa da iska, shi ya sa duk kifin da ya matsu can yake nufa. Abincin da ka zuba, da kyakkyawar niyya ka zuba shi, amma ba su iya ci ba, ya nutse ya fara ruɓa, ruɓar kuma ta cinye ɗan abin da ya rage musu na numfashi.

Ga abin da za ka yi nan take duk ranar da ka sake ganin haka, tun kafin ka gano dalili. Ka buɗe murfin akwatin, ka kashe fitilarsa. Ka ɗauki kofi mai tsabta wanda babu sabulu a jikinsa, ka ɗebi ruwan akwatin, ka ɗaga hannu sama ka kwarara shi a ciki, yadda mai shayi ke fifita shayi tsakanin kofuna biyu. Ka yi ta yi har minti goma, ka huta, ka sake. Kada ka raina wannan aiki, ya sha ceton kifi a daren da babu wuta. Idan kana da fanka mai caji, ka saita ta tana kaɗa saman ruwan: tana motsa shi, kuma tana sanyaya shi ta hanyar da tulu ke sanyaya ruwan sha. Ka tsame duk mataccen kifi da ragowar abinci. Sannan ka zubar da kashi ɗaya cikin uku na ruwan, ka mayar da sabo wanda ya kwana, mai ɗumi daidai da na ciki. Abinci kuwa ka dakatar da shi kwana biyu cur. Lafiyayyen kifi yana yin kwanaki ba tare da ci ba, babu abin da zai same shi.

Abu ɗaya da nake roƙonka kada ka yi: zuba ƙanƙara a ciki. Sauyin sanyi na farat ɗaya yana girgiza kifi, wanda ya riga ya galabaita kuma sai ya ƙarasa. Idan ruwan ya yi zafi ƙwarai, ka jefa gorar ruwa mai sanyi a rufe ta yi ta yawo a sama, zafin ya sauka a hankali.

To, yanzu dalili. Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza, kuma a wannan harka lokacin da hakin ya zo shi ke nuna maka inda za ka duba.

Idan da asuba suke tasowa, rana na ɗagawa kuma su koma ƙasa, ƙarancin iska ne kai tsaye, kuma zafin garinmu na da hannu dumu-dumu. Ruwa mai digiri 20 a ma'aunin Salshiyas yana iya riƙe oksijin kimanin miligiram 9 a kowace lita. A digiri 30 ya koma kusan 7.5, a digiri 35 kuma wajen 7. Wannan fa idan ruwan ya sha iska ya ƙoshi ke nan. Ka lissafa: akwati mai lita 60 a digiri 30, duk oksijin da ke cikinsa bai kai rabin giram ba. Shi kuma kifi jikinsa yana bin zafin ruwan da yake ciki, ruwa na ƙara zafi buƙatarsa na ƙaruwa. Abin da ake nema ya ragu, masu nema kuma sun ƙara ƙishirwa. A watan Maris da Afrilu, lokacin da zafin Jalingo ke kusantar digiri 40 da rana, falo mai rufin kwano yakan kwana da zafinsa, ruwan akwati ma haka. Yawancin kifaye suna son oksijin ya kai miligiram 5 ko fiye, idan ya faɗo ƙasa da 3 sun shiga wahala.

Dare kuma yana da nasa. Idan akwai ciyayi masu rai a akwatin, ko gansakuka ta yi kore a jikin gilashi, da rana suna ba da oksijin, da dare kuwa su ma shaƙa suke yi. Ƙwayoyin bakteriya da ke cikin matatar ruwa da cikin tsakuwa su ma shaƙa suke. Sai a ɗauke wuta da tsakar dare, famfon iska ya yi shiru, ruwa ya tsaya cik, kowa na ja babu mai zubawa. Kafin kiran sallah an kai ƙarshe.

A nan akwai wani abu da mutane da yawa ba su fahimta ba game da famfon iska. Kumfar nan da ke tasowa ba ita ce ke zuba yawancin oksijin ba. Babban aikinta shi ne ta karya saman ruwa, ta juyo na ƙasa zuwa sama. Saboda haka duk abin da ya motsa saman ruwan ya yi aiki, ko bakin matata ne aka ɗaga shi yana zubowa kamar indararo. Saboda haka ne kuma akwati mai faɗi ya fi dogo mai ƙaramin baki, ko da ruwansu ɗaya. Kwalbar nan mai zagaye da ake sayarwa da kifi a ciki tana da kyau a ido, amma ni dai ba na ba kowa shawarar ajiye kifi a cikinta. In ma ta zama dole, kada a cika ta har wuya, a tsaya a inda cikinta ya fi faɗi. Ka kuma duba ko wani maiƙo ya shimfiɗu a saman ruwan, daga man abinci ko man shafawa na hannu. Shi ma yana tare iska. Takarda mai tsabta idan ka shimfiɗa ta a kai ka ɗaga, tana kwashe shi.

Amma Malam, a labarinka abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne sati biyun nan. Sabon akwati, kifi takwas a zubi ɗaya, sannan matsala ta ɓullo a sati na biyu. Wannan ya fi kama da gubar da kifin da kansa ke fitarwa. Kifi yana fitar da amoniya ta kunnensa, kashinsa da ragowar abinci su ma suna ƙara ta. Amoniya tana ƙona jan naman numfashi, kuma ta fi illa idan ruwa ya yi zafi. A tsohon akwati akwai bakteriya masu amfani da suka zauna a soson matata da jikin tsakuwa, suna mayar da amoniya wani sinadari da ake kira naitirait, wasu kuma su mayar da shi naitiret wanda ba shi da haɗari sosai. Waɗannan ƙwayoyi sai sun ɗauki sati huɗu zuwa shida kafin su yi yawan da za su riƙe akwati. Kafin nan guba taruwa take yi. Naitirait ɗin nan kuwa mugu ne: yana shiga jinin kifi ya hana shi ɗaukar oksijin, sai ka ga kifi na haki ga famfo na ta zuba kumfa. Alamarsa, naman cikin kunne ya bar ja ya koma ruwan ƙasa. Ruwan akwatin kuma yana iya zama garau kamar hawaye, domin amoniya da naitirait, babu wanda ake gani da ido.

Maganin wannan haƙuri ne da canjin ruwa. Kashi ɗaya cikin huɗu kullum ko bayan kwana biyu, har abin ya lafa, da abinci kaɗan ƙwarai. Gishiri yana rage shigar naitirait cikin jini: ƙaramin cokalin shayi ɗaya a lita biyar ya wadatar, a narkar da shi a kofi tukuna kafin a zuba, kuma a sani ciyayin ruwa ba sa son sa. Idan za ka iya samun kayan gwajin ruwa, ɗigo ne ake ɗigawa ruwa ya canza launi, ka saya. Kuɗinsa bai kai asarar kifi zubi biyu ba.

Akwai kuma tsabtar da ke kashe kifi, wadda na fi gani a gidajen da uwargida ke da ƙyanƙyami. Ranar Asabar a kwashe kifi a zuba a roba, a juye akwati, a wanke tsakuwa da matata da soso da omo, a cika da sabon ruwa. Akwati ya yi fes, amma an kashe bakteriyan nan gaba ɗaya, an koma ranar farko, ga kuma ragowar sabulu da ke lalata kunnen kifi. Sabulu ba ya kusantar akwatin kifi har abada. Soson matata a cikin tsohon ruwan da ka ɗebo daga akwatin ake matse shi sau biyu ko uku a mayar. Ruwa kuma ba a canza shi duka a rana ɗaya sai in guba ce ta faɗa ciki.

Idan kuwa hakin ya fara ne jim kaɗan bayan ka canza ruwa, to ruwan da ka zuba za ka tuhuma. Ruwan famfo na hukuma ana sa masa kulorin don kashe ƙwayoyin cuta, alheri ne gare mu, amma yana ƙona kunnen kifi. A bar shi a buɗaɗɗen baho kwana ɗaya ko biyu, ko a ɗiga masa maganin cire kulorin da masu kayan kifi ke sayarwa. Ruwan rijiyar burtsatse, wanda gidaje da yawa a Jalingo suka dogara da shi, babu kulorin a cikinsa, amma daga ƙarƙashin ƙasa ya fito inda bai ga iska ba, saboda haka oksijin ɗinsa kaɗan ne, iskar kabon kuma ta yi masa yawa. Shi ma ya kwana a buɗe, a juye shi daga bokiti zuwa bokiti sau da dama kafin a zuba. Ruwan tankin saman gida kada ka ɗiba da la'asar, ya wuni yana dahuwa a rana, da safe ake ɗibarsa. Idan daga 'yan garuwa kake saye, ka sansana jarkar. Wadda ta taɓa ɗaukar fetur ko kananzir ba ta kifi ba ce.

Wani dalilin da ba kasafai ake kawo shi a rai ba shi ne maganin sauro. Da damina ana rufe tagogi a fesa magani a falo, ko a kunna na hayaƙi, ko a yayyafa fiya-fiya a lungu. Sinadaran da ke cikin waɗannan magunguna suna da matuƙar guba ga kifi, ɗan kaɗan ya isa. Feshin yana sauka a kan ruwa, famfon iska kuma yana zuƙar iskar ɗakin ya tura ta ciki. Idan kifi suka haukace suna fizge-fizge da haki bayan an yi feshi, canza rabin ruwa nan take, gobe ka sake. In za a yi feshi, a kashe famfo, a rufe akwatin da zani mai kauri, a buɗe bayan an sha iska a ɗakin. Mafi alheri kada a fesa a ɗakin da kifi yake.

Duk abin da na faɗa zuwa nan, idan kifayen gaba ɗaya ne suka taso. Idan guda ɗaya ne ko biyu sauran na harkarsu, ka fi zargin cuta. Ka duba ko akwai fararen ɗigo a jikinsa kamar an barbaɗa gishiri, ko yana goga jikinsa a duwatsu, ko kunne ɗaya ya kumbura. Ka ware shi a wani mazubi mai iska, ka nemi likitan dabbobi ko malamin gona da ya san kifi. Kada ka fasa kafso na mutane ka zuba a ruwa kamar yadda wasu ke yi. Sau da yawa ba ya taɓa cutar, sai dai ya kashe bakteriyan matata ya ƙara maka wata matsalar.

Ba kowace tasowa ba ce alamar wahala, wannan ma ya kamata a sani. Masuntan Lau da Ibi a bakin Binuwai, da na Tella a kogin Taraba, sun san tarwada takan daɗe da rai a kwando bayan sauran kifi sun mutu. Allah ya hore mata wata gaɓa a bayan kunnuwanta mai kama da rassan bishiya, da ita take shaƙar iska kai tsaye. Gaiwa ma ta fi ta, huhu gare ta, shi ya sa take shafe rani a cikin busasshen taɓo. A kifin ado akwai wanda ake kira beta, mai dogayen fukafukai, da danginsa gurami, su ma suna tasowa su kurɓi iska su koma. Bambancin a bayyane yake: wanda ɗabi'arsa ce yakan taso, ya kurɓa, ya nutse abinsa. Wanda ke cikin wahala ba ya komawa.

Wannan baiwa ta tarwada ce ke yaudarar masu kiwonta. Tun da ba ta saurin mutuwa, sai a cika tamfol maƙil, a bar ruwa ya yi baƙi yana wari. Ba ta mutu ba, amma ta rage ci, girma ya tsaya, jiki ya fara gyambo, kuɗin abinci na tafiya a banza. Idan ka ga tarwadarka sun rataye a tsaye, gashin baki a waje, ba sa gudu ko ka matso, ruwan ya ɓaci: ka sauke shi ka zuba sabo, ka tsallake ciyarwar ranar. Ƙananan 'ya'ya a makonninsu na farko wannan gaɓa ba ta gama fitowa ba, da kunne kawai suke numfashi, saboda haka su ne ke fara zubewa. Mai karfasa a kududdufi kuwa ba shi da wannan rangwame ko kaɗan. Ruwan da ya yi kore shar, sai aka jera kwana biyu ko uku ana lumshi a watan Agusta, rana ba ta fito ta sa gansakuka ta ba da iska ba, to da asuba ake kwasar asara. Haka ruwan farkon damina da ke wanko shara da kashin dabbobi ya zuba a tafki. Abin yana faruwa har a manyan koguna: a watan Maris na 2023 miliyoyin kifi suka mutu a kogin Darling kusa da garin Menindee a Ostiraliya, bayan ambaliya ta janye, zafi ya biyo baya, oksijin ya ƙare a ruwan.

Mu dawo falonka. Kifi biyar suka rage, kada ka ƙara ko ɗaya sai bayan wata guda da rabi, sannan bibbiyu. Ka kuma san irin da kake saye. Kifin zinariya, jan nan da kowa ke so, na ruwan sanyi ne, ya fi jin daɗi ƙasa da digiri 24. Yanayin Gembu a kan tsaunin Mambilla ya fi dacewa da shi a kan bazarar Jalingo. Yana girma ya kai tsawon tafin hannu ko fiye, ga ci ga kashi, ko guda biyu sun yi wa akwati mai lita 60 yawa idan sun girma. Ƙananan nan irin gupi da moli sun fi jure ɗuminmu, kuma takwas zuwa goma na gupi za su zauna lafiya a wannan akwatin. Ka ɗauke akwatinka daga bakin taga inda rana ke dukansa, ka kai shi lungu mafi sanyi a gidan. Abinci sau ɗaya ko biyu a rana, abin da za su cinye cikin minti biyu. Gwangwanin abincin kuma ka ɗora shi inda hannun yara ba ya kaiwa, domin yaro idan yana son kifi, da abinci yake nuna masa so, kuma kowanne cikinsu zai zuba nasa. Ka zaɓi ɗaya ka ba shi aikin, a gabanka.

Kafin ka sayi wata fitila mai launi ko furen roba, ka sayi ƙaramin famfon iska mai batir ko mai caji. Akwai wanda ake jonawa da abin cajin waya, akwai wanda ke kunna kansa da zarar an ɗauke wuta. A garin da wuta ke tafiya ba sallama, wannan shi ne kaya na farko, tare da ɗan ma'aunin zafi da ake mannawa a gilashi. Kifin nan da muka saka a gilashi ba shi da kogin da zai gudu zuwa gare shi, ba shi da muryar da zai kira mu, ruwan da muka ba shi kaɗai yake da shi. Amana ce muka ɗauka da hannunmu, kuma za a tambaye mu.

Saboda haka Malam, yau da yamma ka tara ruwa a baho ya kwana. Gobe idan ka tashi sallar asuba, kafin ka fita, ka haska akwatin da tocila ka ga inda kifinka suke. Idan suna ƙasa suna yawo, alhamdu lillahi. Idan suna sama, ka ɗauko kofi ka fara kwarara, abinci kuma ya jira.